Sista Hamsatu da Sandunanta na Malaz

Ƙarfe biyar da rabi na asuba motar asibiti take tsayawa a ƙofar gidanmu na unguwar Malaz, a nan ƙasar Larabawa, Sista Hamsatu Jibrin ta sauko da abayarta a kan farin kayan aiki. Sai la'asar take dawowa, ƙafafunta a kumbure. Shekara bakwai ke nan muna hawa bene ɗaya da ita, ni a hawa na biyu, ita a na uku. A wata mai kamawa kwangilarta za ta ƙare, ta koma Gusau. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani.

Da yawanmu malamar jinya kawai muka san ta. Ashe lokacin da gwamnatin jiharsu ta tura ta karatu Amurka, ta shiga cikin 'yan matan da ke gaban badujalar jami'arsu, masu juya tuta da wulwula sanda a fareti. Ba ta taɓa faɗi ba, sai ran da ta ga 'ya'yanmu mata sun yi jugum a matakala, ba filin wasa, ba maƙwabta, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu.

Ta je kasuwar Batha ta sayo ƙarafan labule, aka yanka mata su kamu biyu-biyu, ta toshe bakinsu da roba. Ta ɗinka tutoci kore da fari. Kowace Alhamis da yamma sai ta hau da yaran rufin bene, inda katanga ta fi tsawon mutum. Ba ganga, ba kaset, tafi kawai da ƙirga. Idan yarinya ta ce "wahid, isnin", sai ta tsayar da kowa.

"A nan ɗaya, biyu ake cewa. Yalla, a sake."

A 1986 'yata Huseina ta faɗo daga matakala, wuyan hannunta na dama ya karye. Aka cire filasta, hannu ya sandare. Likita ya ce in ba ta motsa shi ba cikin 'yan watanni, haka zai zauna. Ita kuwa zafi ya sa ta ƙi. Ta ɓoye hannun cikin riga, ta daina rubutu, ta daina dariya. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a banɗaki.

Sista ta ce a ba ta ita. Mahaifin yarinyar, Injiniya Nuru, ya ce atafau 'yarsa ba za ta koyi rawa ba. Sista ta sauko da kanta, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Injiniya, ba namiji a wurin, ba kiɗa. Ka ba ni wata uku. In hannun bai motsa ba, ni da kaina zan dawo maka da ita."

Ya ce, "To, Sista. Allah ya sa a dace."

Sista, ke ce kika riƙe yatsun yarinyar nan ɗaya bayan ɗaya kina naɗe su a jikin sanda, tana hawaye kina ce mata, "Saura biyu, Huseina." Ke ce kika fito daga tsayuwar awa goma, kika sake tsayuwa don 'ya'yan wasu. Inuwar giginya ake yi wa gori, ke kuwa na kusa da ke suka fara shan inuwarki.

Wata uku bai isa ba, sai da aka yi biyar. Injiniya ya bari aka ci gaba.

Ranar ɗaya ga Oktoba ta 1987, a taron mata na bikin 'yancin kai, 'yan mata goma sha biyu suka fito cikin sahu, takwas da tuta, huɗu da sanda. Huseina ta cilla tata sama, ta juya, ta cafe da hannun dama. Hajiya Madina, malamar makaranta da ke kusa da ni, ta matse mini hannu har ya yi ciwo. Da muka koma gida mahaifin Huseina ya ce ta nuna masa a falo. Sanda ta daki fitila, gilashi ya watse a kan darduma. Ya dubi rufi, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Sake yi in gani."

Sista, mun gode. Allah ya saka miki da abin da ya fi ƙarfinmu, ya kai ki gida lafiya. Ku kuma 'yan uwana, kowaccenmu ta zo ƙasar nan da wani abu da ta iya, ta ninke shi a ƙasan akwati. A fito da shi, yara suna jira.

Da muka tambaye ta tsarabar da take so, cewa ta yi, "Ku samo wadda za ta ci gaba da yi musu ƙirga." Hajiya Madina ta karɓa, da shekarunta hamsin da biyu. Sau biyu sanda ta fasa mata leɓe a makon nan, ta ce ko haƙori zai fita sai ta iya kafin jirgin Sista ya tashi.