Jirgin da Tanti Eulalie Ta Shiga

A wannan tsibiri da Faransa da Holan suka raba biyu, duk baƙon da ya shiga tasin Cuthbert tambayarsa ɗaya ce: a ɓangaren Faransa zai yi hutunsa ko a na Holan? Shi kuwa sai ya sauke shi a rumfar matarsa Eulalie a garin Grand Case na ɓangaren Faransa, inda take gasa kifi da ayaba, ya ce, "Tambayi 'yar Faransar nan, babu abin da ba ta sani ba."

"Kada ka saurari tsohon nan," in ji ta. "Ɓangarensu gidan caca ne da kantin agogo. Burodinsu ma kamar soso."

Sai baƙon ya ce, "To me ya kai ki auren ɗan Holan, Madam?"

"Tausayi."

Haka suka tsufa. Ita takardunta na Faransa, shi na Holan, ba su taɓa ganin abin ya wuce na tsokana ba, tunda iyakar ma allo ne a gefen titi. Ko da ciwon ƙoda ya kama shi, ita ke kai shi asibitin ɓangaren Holan wankin jini, suna tafe suna gardama.

Sai wata babbar guguwa ta zo ta kwashe rufin gidajen tsibirin. Babu wuta, babu ruwa, injin wankin jini ya tsaya. Aka ce jirgin soja zai kwashi marasa lafiyan ɓangaren Holan zuwa tsibirin Aruba. A ranar kuma wani jirgin zai tashi daga Grand Case zuwa tsibirin Guadeloupe da mata masu ciki, har da 'yarsu Maryse, wadda cikinta na fari ya tsufa, ga ƙafafu a kumbure.

Eulalie ta haɗa jaka ɗaya, ta tsaya a tsakar gidan da ba rufi. Ta dubi mijinta, ta dubi 'yarta.

"Bi yarinyar, Lali," in ji Cuthbert. "Ni na saba da allura. Bari in huta da bakinki na mako guda."

"Wa zai hana ka cin gishiri?"

"Ai shi ya sa nake korar ki."

Ta gyara masa wuyan riga, ta cusa maganinsa a aljihu, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Maƙwabci ya tafi da shi a bayan mota, ita ta bi Maryse.

Maryse ta haihu lafiya, namiji. Eulalie ta yi ta neman layin Aruba don ta yi wa Cuthbert albishir. Da ƙyar ta samu wata ma'aikaciyar jinya, ta faɗi sunansa. Matar ta sassauta murya ta ce, "Ke ce matarsa? Sai dai haƙuri, Madam."

Eulalie ta zauna a ƙasan barandar asibitin. Daga ɗaki Maryse na ɗaga murya, "Mama, kin same shi? Ce masa hancinsa yaron ya ɗauko!"