Layin da majo ya ja a ƙafar Baba

Shekarun baya, a wani hunturu mai tsananin sanyi, na dawo garinmu Tama daga cirani na iske mahaifina yana ɗingishi. Lokacin dashen albasa ne, gari duk ya koma fadama. Baba ya haura sittin a lokacin, amma bai yarda kowa ya taɓa masa garkarsa ba. Shi ke tayar da injin ban ruwa, shi ke shiga fangali ba takalmi yana buɗe wa ruwa hanya.

Wanda ya yi aikin garka cikin sanyi ya san abin da yake yi wa jiki. Ƙafa ta wuni cikin ruwa da laka, da yamma iska ta busar da ita, fata ta yi fari fat, ta yi kaushi, dugadugai su tsage. Faso ke nan, kuma a wurinmu ba a lissafa shi cikin ciwo. Ni kaina a lokacin in na ga namiji yana shafa mai a ƙafa, dariya nake masa.

Mahaifiyata ce ta ja ni gefe, ta ce, "Kwana shidda ke nan bai taka ƙahwar nan da kyau ba. Na ce ya bari in gani, ya ce in kula da tukunyata. Kai ka gwada."

Ban san ta inda zan gwada ba. Ni ne ɗan fari, akwai kunya tsakaninmu. Bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Sai na jira har ya zauna alwalar la'asar, na tsaya daga baya kamar ina neman buta. Da ya ɗaga ƙafar dama, sai na hango ciwon. Diddigen ya tsage, tsagar mai zurfi, cike da wani abu baƙi. Ƙafar ta kumbura har idon sawu, tana sheƙi, ta yi ja-ja. Daga baya na ji cewa baƙin man inji yake zubawa a ciki, sannan ya ɗiga kyandir ya toshe, wai don kada ruwa ya shiga.

Na durƙusa na ce, "Baba, ƙahwar ga tana son likita."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Hwaso na. In na tahi likita, wa za ya ba albasa ruwa?"

"Ni zan ba ta."

Ya yi wani ɗan murmushi wanda ya fi zagi ciwo, ya tashi ya tafi masallaci yana jan ƙafa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, a can inda nake cirani na zauna gida ɗaya da wani dattijo wanda ɗan ƙaramin ciwo a yatsa ya kai shi ga yanke ƙafa. Na ga lokacin da aka dawo da shi, ƙafar wando ɗaya a naɗe. Tun daga la'asar ɗin nan, duk inda na juya shi nake gani, amma da fuskar Baba.

Washegari da safe Baba bai fita garka ba. Muka same shi cikin bargo yana rawar sanyi, jiki zafi rau, ƙafar ba ta takuwa. Na aro moto, wato babur, wurin abokina na kawo ƙofar ɗaki. Baba ya yunƙura ya fito. Ya dafa kafaɗar mahaifiyata ya hau.

A gidan likita na garinmu, majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya dubi ƙafar da kyau. Ya ce, "Baba, mi ka zuba ciki?" Da aka gaya masa, ya riƙe baki. Ya zauna ya ƙwaƙule kyandir ɗin nan kaɗan-kaɗan, ya wanke, ruwa mai wari yana fita. Baba bai yi ko tari ba, amma na ga yadda ya damƙe bakin benci. Majo ya soki yatsan Baba ya auna suga, ya ce babu. Ya yi masa allura, ya ba da ƙwayoyi, ya naɗe diddigen. Sannan ya ciro bik, wato biro, daga aljihu ya ja layi ya zagaye ƙwaurin, daidai inda jan ya tsaya.

Ya ce da ni, "Kullum da sahe ku kawo shi allura. In jan ga ya ƙetare layin nan, kada ku jira ni, ku wuce babban gidan likita na Buza. Can ƙila su tura ku Tawa."

Na bi shi waje na rage murya na ce, "Majo, yankewa za a yi?"

Ya ce, "Ban ce ba. Mu ga kwana ukku tukuna."

Kwana ukun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Da asuba in tafi garka in tayar da inji, wanda sai na ja igiya sau goma yake amsa mini, in saki ruwa, in dawo a guje in kai Baba allura. Sauran wunin kuwa layi nake gadi. Na karya tsinken tsintsiya na mayar da shi ma'auni. Na hana kowa kai ruwa kusa da wurin, in layin ya fara dushewa in bi shi da bik in ƙara. Tsabar kallo har gani nake jan yana tafiya a gaban idona. Baba ya gaji ya ce da mahaifiyata, "Ce ma wancan ƙahwata ba talabijin ba ce."

Rana ta biyu da azahar jan ya taɓa layin a gefe ɗaya. Na aza tsinke, babu sauran wuri. Na fita na cika moto da mai, na ce wa mahaifiyata ta ɗaure masa kaya. Ta zauna bakin murhu tana ta jan carbi, tukunya na tafasa ba ta sani ba. Na koma wurin majo ba takalmi, sai da na isa na lura. Ya biyo ni gida, ya latsa ƙwaurin, ya taɓa goshin Baba, ya ce zazzaɓi ya sauka, ja ya taɓa amma bai ƙetare ba, mu ba shi zuwa safe. Na ce to da baki, amma moto na nan ƙofar gida na juya kansa ya fuskanci hanyar Buza.

Da gari ya waye na ɗaga bargo. Fatar da ke sheƙi ta saki, ta yi tamoji. Tsakanin jan da layi akwai faɗin yatsa guda. Na kira mahaifiyata ta duba, don ban yarda da idona ba. Ta duba, ta ce alhamdu lillahi, ta juya ta shige ɗaki da sauri tana share fuska da mayafi.

Da ciwon ya kama hanyar warkewa, majo ya ce saura aiki, don ƙafar hagu ma ta tsage wuri uku. Kullum da yamma a jiƙa ta cikin ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a goge kaushin a hankali, a tsane, a shafa man kaɗe tun fatar na da danshi, a sa safa. In ya koma garka, sai da dogon takalmin roba.

Baba ya ce, "Mai? Ni amarya ce?"

Majo ya ce, "A'a Baba, mai ƙahwa biyu ne kai, kuma so muke ka zauna hakanan."

Bayansa ba ya barinsa ya sunkuya ya kai diddige, kuma ya ƙi mahaifiyata ta yi. Ranar farko na kawo kwano da ruwa na ajiye, na zauna ƙasa gabansa. Can ya kunna rediyo, ya juya fuska ga bango, ya miƙo ƙafar. Na ɗora ta a cinyata. Nauyi gare ta, ga tauri kamar ɓawon icce, ga tsofaffin tabo da ban san tarihinsu ba. Shekara talatin ina cin abin da ƙafar nan ta nomo, ban taɓa riƙe ta ba sai ranar. Haka muka yi har sanyi ya fita, rediyo na magana, mu ba ma yi.

Bai taɓa ce mini na gode ba, ban kuma jira ba. Amma wata yamma, bayan na yi makonni ina ban ruwa a madadinsa, na ji ya ce da mahaifiyata, da ƙarfi yadda zan ji, "Ɗebar ma wancan mai. Nashi dugadugan sun hwara tsagewa."

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Mu maza a nan muna ɗaukar rashin kula da jiki a matsayin jarumta, har ƙaramar tsaga ta kusa raba mutum da ƙafarsa. Baba ya yi shekaru bayan haka yana shiga garka da takalminsa na roba, kafin ƙanena ya karɓe shi.

Tsoron dai bai sake ni duka ba. Har yau in sanyi ya shigo, a masallaci idona kan kai ga dugadugan sahun gaba, Allah ya yafe mini. Kwanan baya na ga wani tsoho da tsaga har da jini. Bayan sallama na bi shi, na gaishe shi, na fara yi masa bayanin ruwan ɗumi da man kaɗe. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, hwaso na." Sai na ce ya zauna in ba shi labari.