Nabil, Makaɗin da Bai Koma Makka Ba

Shekara shida ke nan da muka kai Nabil makwancinsa a Kano, garin da bai cika shekara guda a cikinsa ba. A Makka aka haife shi, a Makka aka haifi mahaifiyarsa. Kakansa ne ya taho a ƙafa ta Chadi da Sudan, ya sauke farali, ya zauna, ya rasu bai bar wa 'ya'ya da jikoki takardar kowace ƙasa ba. Nabil ya tashi babu fasfo, babu iƙama, wato takardar izinin zama. Duk wanda ya zauna a unguwar Ka'akiyya ya san irinsu, ya kuma san yadda suke lallaɓa rayuwa: kada ka yi nisa da gida, kada ka yi abin da zai sa a sake kallonka.

Ni karatun fiƙihu ya kai ni can. Na kama haya a gidan mahaifiyarsa, Hajiya Ashe, kuma ranar da na tare na ji wani rugugi daga ɗakin sama, har na ɗauka injin markaɗe ne ya lalace. Hajiya ta ce in kwantar da hankalina, ɗanta ne. Na hau na tarar da saurayi dogo, baƙi, ya jera matasan kai a kan gado yana jibgar su da sanduna biyu, rikoda na ta ihu a gefensa. Ya ce mini sunan kiɗan metal. Na ce masa ko me sunansa, a garinmu idan aka ji irin wannan daga gidan mutum, maƙwabta guga suke ɗaukowa su taho kashe gobara. Ya yi dariya har ya saki sanda, daga nan muka shaƙu.

Da rana tura keken guragu yake yi, yana kai tsofaffin alhazai tsakanin Safa da Marwa. Kullum kansa a rufe yake da hula, ya ɗora mayafi a kai. Na daɗe a gidan kafin in san abin da ke ƙarƙashi: gashi ne ya tara shekara da shekaru, ya murɗe shi dada har kafaɗa. Ba ya buɗe shi sai a ɗaki. Ban zo wannan shafi don in yanke hukunci a kan kiɗa ba. Mun yi wannan gardama da shi har muka gaji, ni da littattafaina, shi da taurin kansa, ba wanda ya ja wani.

A waɗancan shekarun ba a taron kiɗa a fili. Matasa sukan kama istiraha, irin gidajen shaƙatawar nan masu katanga da ake haya don biki, su sanar da juna a waya, su yi abinsu a rufe ƙofa. Wata rana labari ya zo cewa za a yi babba a wajen Jidda, ƙungiyoyin makaɗa da yawa a dandamali ɗaya, kuma an saka ƙungiyarsu Nabil a ciki. Bai taɓa buga ganga a gaban mutanen da suka wuce abokansa uku ba. Hajiya ta ƙi. Ba kiɗan ne ya dame ta ba, shingen binciken da ke kan hanyar shigowa Makka ne.

Ta ce, "Ya waladi, fita kowa zai bar ka ka fita. Wa zai bar ka ka shigo?"

Ya ce, "Ummi, mafi mushkila, ba matsala. Harami zan ɗaura kamar yadda kowa ke yi."

Gaskiyarsa, haka kowa ke yi. In ba lokacin Hajji ba, motar da aka ga mai harami a ciki yawanci hannu kawai ake ɗaga mata. Sai ya juyo kaina. Ya ce, "Ya Malam, kai kana da iƙama, ga gemu. In ka zauna a gaba, halas, shi ke nan, mota ta zama ta mutanen kirki." Na bi shi ne don Hajiya ta roƙe ni, ba don kunnena na ƙaiƙayi ba.

Bayan la'asar aka fara. A bakin ƙofa samari ke tuɓe fararen jallabiyoyi, sai ga baƙaƙen riguna a ƙasa, cikin wannan zafi. Na farko 'yan Jidda ne, mawaƙinsu yana gurnani kamar raƙumin da aka yi wa kaya fiye da ƙima. Bayansu wasu 'yan Filifin ma'aikatan asibiti suka hau da kiɗan rok, nasu da ɗan sauƙi, har mutum na iya gane inda waƙa ta dosa. Sai wasu da suka yini a mota daga gabashin ƙasar, masu jita biyu da ke amsa wa juna. Masu kallo na ta kaɗa kai kamar ƙadangaru. Can na ga tsakiyar fili ya buɗe, samari na gudu suna bangazar juna. Na tashi zan raba faɗa, wani ya riƙe ni yana dariya, ya nuna mini yadda duk wanda ya faɗi hannuwa ke ɗaga shi tun bai gama kaiwa ƙasa ba.

Magariba na yi aka kashe lasifika. Suka yi alwala a famfon lambu, suka yi sahu a kan ciyawa, suka waiga neman liman, idanu duk suka sauka a kan gemuna. Haka na ja sallah, kunnuwana na ƙara, ban ko jin karatuna sosai.

Bayan sallah aka kira su Nabil. Ya cire hula, gashin ya zubo, fili ya ɗau ihu. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki, kowanne da inda ya nufa, ƙarar kuwa ba a kunne kake jin ta ba, a ƙashin ƙirji. Da suka gama aka hana su sauka, sai da suka ƙara.

A Jidda muka kwana, gidan mai jitarsu. Safiyar Juma'a muka kamo hanya tare da mai jitar, muka tsaya a wani masallaci na gefen titi. Nabil ya yi wanka, ya ɗaura harami, ya yi nafila, ya ɗau niyyar Umara da gaske, domin ya ce shi ba zai yi wa Allah wayo da tufafi ba. Ya fito yana talbiyya, ya kai hannu zai ɗauki hularsa a kan kujerar mota, sai hannun ya tsaya. Mu ukun muka kalli juna. Mai harami ba ya rufe kai, ko yaron goye a Makka ya san wannan, kuma wanda ya rufe ya fi wanda ya buɗe jan ido. Mai harami kuma ba ya aski. Duk mun san waɗannan tun muna yara, amma ba wanda ya haɗa su da gashin Nabil sai da niyya ta ɗauru.

Na ce masa akwai mafita. Ya aske, ya yi fidiya, azumi ko ciyarwa, malamai sun yi sauƙi ga mai lalura. Mai jitar ya ce akwai almakashi a mota. Nabil ya ce, "La, ya Malam. Na ce labbaika. In na kai Marwa ka aske shi da hannunka." Na kawo masa hujja, na kawo masa wata. Karatuna duk yana kaina, amma bai amfana mini komai ba a wannan safiya.

A shingen, jami'in ya riga ya ɗaga hannu mu wuce. Sai idonsa ya kai kujerar baya. Ya sauke hannun, ya leƙo, ya ce, "Iƙama." Bai yi tsawa ba, bai ci mutuncin kowa ba. Na miƙa tawa, ya ce ba ni yake nufi ba. Ina zaune ina kallo aka tafi da Nabil cikin fararen mayafai biyu, Makka na gabanmu, ana hango duwatsunta.

Mun yi zirga-zirga, mun nemi duk wanda ya san wani, ba abin da ya motsa. Da aka tambaye shi asalinsa ya ce Kano, don abin da ya ji kakarsa na faɗi ke nan, sai aka sa shi a jirgin Kano. Na kammala karatu na dawo na same shi, na ɗauko shi gidanmu. A Makka ana ce masa baƙo, a Kano yara na bin sa suna Balarabe. Ya gwada bin masu kiɗan biki, suka ce hannunsa ya yi nauyi. Kullum maganarsa yadda zai koma, mu kuma kullum amsarmu in sha Allahu, don ba mu da wata. Da damina ta sauka zazzaɓin cizon sauro ya kama shi. Mu da muka tashi da zazzaɓin mun ɗauke shi abin shan magani a kwanta, amma jikin Nabil bai taɓa saninsa ba. Ta waya Hajiya ta ji rasuwarsa. Ba ta da takardar fita, in ma ta fita ba ta da ta komawa wurin sauran 'ya'yanta.

Yau abin ya sauya. A Jidda da Riyad ana taron kiɗa a fili, da fitilu da talla a kan titi, abin da ake ɓoyewa a bayan katanga yanzu tikiti ake saya masa. Nakan tambayi kaina me Nabil zai ce. Na san zai yi tsalle, zai tsokane ni cewa littattafaina sun sha kaye. Amma na kuma san ko yau, shingen nan yana inda yake, kuma Nabil ba zai fi jiya takarda ba. Wannan ne ke hana ni taya shi murna ko a cikin zuciyata.

Me ya rage nasa? Ba faifai, ba ɗa, ba hoto mai kyau. Abokan kiɗansa sun watse, wasu sun yi aure sun yi tumbi. Bana da na je Umara na biya Ka'akiyya gaida Hajiya. Ta tsufa, ido ya yi rauni. Mun sha shayi, ta tambayi iyali, ta tambayi ko kabarin yana samun ziyara. Har na miƙe zan tafi ta riƙo hannun rigata.

Ta ce, "Malam, kai kaɗai ne namu da ya gani. Ranar nan, ya iya kuwa?"

Na ce ya iya, Hajiya.

Ta ce, "Ka san abin ne, ko lallashina kake?"

Na koma na zauna. Na ce mata gaskiya ni ban san kyan wannan kiɗa daga muninsa ba. Abin da na sani, shekarun da na yi a gidanta ban taɓa ganin Nabil a wajen gida ba ya waige-waige ba, sai a kan dandamalin nan. Ya rufe ido, ya ɗaga kai, yana murmushi, mutane cike da fili suna kallonsa, shi kuwa ko a jikinsa.

Ta saki rigata. Ta ce, "Alhamdu lillah. Ni na haife shi, amma ban taɓa ganin wannan fuskar ba."

Allah ya jiƙan Nabil, ya sa ya isa inda ba a tambayar kowa takarda.