Jirgin Kara a Gonar Kwari

A shekarar da ruwa ya ɗauke mana gero yana tsakiyar fitar da kai, ina da shekara goma, kuma ba abin da ke raina sai jirgin yaƙi. Ƙauyenmu yana gefen Makoda, gona na jingine da gona, ba daji ko kaɗan. Jiragen soja kan taso daga wajen Kano su tsaga sama a kanmu, awaki su tsinke igiya, mu yara mu bi su da ihu. Sa'o'ina motar kara suke yi. Ni kuwa na rantse sai na ƙera jirgi.

Duk gonakinmu sun ƙone, sai wani ɗan fegi a kwari da ya riƙe laima. Babanmu ya tara mu ya ce, "Wannan geron ba na ci ba ne, iri ne. In ya tafi, baɗi ba mu da abin shukawa." Shi da yayyena suna fita neman aikin lada, saboda haka ni aka ɗora wa korar jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka a gona kamar an zazzage buhu.

Ni da wayona, sai na lura duk ran da jirgi ya wuce, tsuntsayen nan watsewa suke. Na ce shi ke nan, na gano bakin zaren. Na bar gonar na dawo zaure, na zare kara daga dangar gidanmu, na feƙe ɓawon da reza, na yanka totuwar, na harhaɗa da ƙayar aduwa. Kwana biyu ina fama. Na kai shi kwari na kafa a kan sanda, fukafukai a miƙe kamar gicciyen itace. Wallahi ban juya baya ba jan-baki uku suka sauka a kansa suna gyara gashi. Kusurwar gabas kuwa sun riga sun sussuke ta tas.

Da magariba Baba ya ɗauko tsumagiya. Kakata Iya, wadda ta haife shi, tana bakin murhu tana juya ganyen tafasa, don shi ne tuwonmu a lokacin. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ajiye, Audu. Mijina ne, ni zan yi maganinsa." Haka take kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ban son tsohuwar mata mara haƙori.

Bayan mun lashe kwano muka kewaye wutar. Iya ta tura wani guntun kara cikin murhu ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe, ku matsa mata."

Muka ce, "Ta shigo mu gan ta."

Wai an yi wani masassaƙi mai girman kai, tsuntsaye suka dame shi a gona. Ya ce shi ba zai tsaya ihu kamar mahaukaci ba, shaho zai sassaƙa. Ya zauna a ɗaki ya sassaƙa, ya kai gona, tsuntsaye suka yi masa kashi a ka. Ya sake wani, suka yi sheƙa a bayansa. Sai wata tsohuwa mai tsintar itace ta ce masa, "Malam, ka taɓa tsayawa ka kalli shaho kuwa?" Ya ce wa bai san shaho ba? Ta ce, "To ina yake kai fukafukansa in zai kawo sura?" Ya kwashi gizagonsa ya tare a gona, kwana bakwai yana kallon sama. Yau ya ga baki ya gyara, gobe ya ga wutsiya ya gyara. Ran na bakwai ya ɗaga shahonsa, gonarsa ta tsira.

"Nan ta gaji ta zauna," in ji Iya. Sannan ta nuna ni da muciya. "Kai kuma maigida, wannan abin da ka yi jirgi ne ko tsanin kaji? Ni da idona ya mutu ma na san ba haka yake ba. In ka isa, je ka kalle shi."

Aka tuntsire da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kwanta ina cizon yatsa.

Da asuba na kwashi kara, reza, ƙaro da ƙaya, na nufi kwari. Matsalar ita ce jirgin ba shi da lokaci. Wata rana da hantsi, wata rana da la'asar, wata rana ko ƙararsa. Kuma kafin ka ɗaga kai ya wuce. Dole na zauna tun fitowar rana har faɗuwarta, don kada in je shan ruwa ya wuce a bayana. Da na gan shi na farko sai na riƙe baki: ashe fukafukan baya suka kwanta. Na ɓalle nawa na sake. Bayan kwana uku na ga hancinsa a buɗe yake kamar bakin tulu, na rarake totuwar. Wutsiya ta ba ni wuya, sau huɗu ina karya ta. Na dama toka da ƙaro na shafe shi ya yi fari-fari. Jan-baki kuwa in sun taso sukan rufe mini sama, sai in zabura da majajjawa da gwangwani ina zaginsu, don kada su tare mini kallo.

Yunwa na sa ni jiri, ƙaya ta farfasa mini yatsu. Kullum da yamma Iya ta juya jirgin a hannunta ta taɓe baki. "Da saura, maigida. Cikinsa bai yi ba." Washegari in koma a fusace. Sai da na yi kwana goma sha shida kafin ta shafa shi ta ce, "Yanzu ka yi jirgi." Na ɗaure shi da zare a kan dogon gora, iska na kaɗa shi. Kwana biyu bayan nan Baba ya yanke geron, muka sami irin da muka shuka da damina ta dawo. Na fi shekara talatin ina gaya wa mutane cewa jirgina ne ya ceci gidanmu.

Yanzu na yi ritaya daga koyarwa, ina zaune a unguwar Rijiyar Zaki a Kano. Ina sayen jiragen roba na haɗawa a wajen 'yan gwanjo, in kankare nan, in ƙara can, don har yau ban yarda da abin da ban kalla da idona ba. Wata rana ina manna fiffike, na ba 'yata Bilkisu tatsuniyar masassaƙi, na ce darasinta shi ne mutum ya duba kafin ya yi.

Ta ce, "Baba, ai ba shahon ba ne. Mutumin fa kwana bakwai yana cikin gonar. Wane tsuntsu zai sauka?"

Na ajiye fiffiken. Na yi dariya har na ƙware, daga nan hawaye ya zo, don Iya ta daɗe a ƙasa, ba halin in je in ce mata na gane. Ta san tsumagiya ba za ta zaunar da ni a kwari ko wuni ɗaya ba. Sai ta kama ni ta wajen abin da nake so, ta riƙa cewa da saura, da saura, har geron ya nuna. Cikin jirgin nan da take cewa bai yi ba, ashe ba abin da ya same shi.