Mansir da Kati Mai Fanka Uku

Duk Zongon Kwatano an san Mansir mai buga takardu, an kuma san ba ya yarda da kowa. Ko ruwan leda ya saya sai ya ɗaga shi sama ya duba bakinsa. A shagon shaddar mahaifinsa ya tashi, wani Bakano da fatauci ya kawo shi ya zauna. A can ya koyi abin da ya riƙe har furfura: shadda mai nauyi ita ce ta gaske, kuma mai shago ba ya fara fito maka da ita.

Da tsohon ya rasu, shaddar ta watse, Mansir ya sayi kwamfuta 'yar gwanjo cikin kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa. Shekara goma sha huɗu ita ke ciyar da gidansa. Wasiƙun 'yan kasuwa da Faransanci, katin biki, takardar neman rumfa, duk suna cikinta a tsare, suna kawai yake canzawa. Bai ajiye kwafinsu a ko'ina ba, don a ganinsa duk abin da aka soka wa inji satar sirri ya zo yi.

Sai wayoyi suka fara cinye sana'ar. Matarsa Lantana ce ta lura samarin unguwa na hawa babur har Agla don buga wasan ƙwallo a kwamfuta.

"Malam, ga inji a gabanka yana hamma," ta ce. "Ka sa masa wasan mana."

Ya yi mata kallon wa ya aiko ki, amma maganar ta shige shi. Ya rungumi injin ya kai unguwar Saint-Michel, wurin Abdoul-Wahab mai gyara. An ba shi kujera ya ƙi zama, ya tsaya a kan mutumin yana bin kowane noti da ido.

"Yaya Mansir, ordinatar ɗin nan ya tsufa," in ji Abdoul-Wahab. "Wasan yanzu sai da kart grafik, katin da ke zana hoto. Ga akwatin wutarka ƙarami. Ka sa ƙaramin kati ya buga wasannin da, ko ka bar shi da takardunsa. Babba zai kashe shi."

"Wato in sayar maka da shi ke nan?"

"Ni ban ce ba."

"Ba ka ce ba tukuna," Mansir ya ce, ya ɗauke kayansa.

Washegari ya tafi wani shagon kayan kwamfuta a kasuwar Ganhi shi kaɗai. Matar da ke shagon ta tambaye shi irin injinsa, ya ƙi faɗi, don ba a nuna wa mai sayarwa inda aka gaza. Ta fito da wani ƙaramin kati. Ya ɗora a tafin hannu, ya ji shi sakayau, ya taɓe baki. Can bayan kanta ya hango wani ƙato mai fanka uku, ya ce a miƙo. Da ya ji nauyinsa kamar bulo, sai hankalinsa ya kwanta.

"Alaji, wannan sai inji mai ƙarfi fa," ta ce.

Murmushi ya yi. Haka mahaifinsa yake faɗa idan yana son ɓoye wa mai saye shadda mai kyau.

Bayan la'asar ya rufe ƙofar shago ya hau aiki. Katin ya yi wa injin tsawo, ya bar murfin a buɗe. Filogin bai dace ba, ya haɗa da wata wayar wuta da ya saya wurin masu tebur. Ya kunna. Fankoki uku suka tashi, filin ƙwallo ya fito kore shar a allo, 'yan wasa suka shigo da gudu. Mansir ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba, har ya yi dariya shi kaɗai. Ba a kai hutun rabin lokaci ba aka ji tas, allo ya yi baƙi, ƙaurin roba ya cika ɗakin.

Wannan karon da ya koma Saint-Michel, ya zauna. Abdoul-Wahab ya gwada nan, ya gwada can, ya girgiza kai. Akwatin wutar ya ƙone, ya tafi da babban allon cikin injin da faifan da takardun ke ciki.

"Katin fa?"

"Lafiyarsa ƙalau, Yaya. Mai kyau ka saya."

A kan babur har gida Mansir na neman wanda zai zarga. Mai gyara ya faɗa masa, mai shago ta faɗa masa. Bai samu kowa ba, kuma wannan ya fi asarar yi masa ciwo.

Da safe ya buɗe shago don ya saba. Wani ɗan kasuwa, Karimou, ya shigo da takardunsa yana son wasiƙa zuwa ofishin kwastan kafin azahar. Mansir ya ce masa ya zauna, ya ɗauko biro da farar takarda, ya rubuta gaisuwar farko a sama. Daga nan biron ya tsaya. Faransancinsa na ciniki ne, na wasiƙa kuwa bai taɓa haddace ko layi ɗaya ba.

"Lafiya, Malam?" Karimou ya tambaya.

Mansir ya miƙa masa takardunsa ya ce, "Akwai wani mai bugawa a bayan masallaci. Je ka can."