Mariƙi a Bayan Keken Ɗan Wasa

Ina jiran mai walda ya gama gyara mini ƙofa, amma hankalina na kan wani mutum da ke zaune a benci, matarsa tsaye a gefensa. Ƙirjinsa ya kusa faɗin ƙofar tawa, tafin hannunsa duk kanta. Keken guragunsa na gaban mai walda, tayoyin a karkace, irin na 'yan ƙwallon kwando. Irin wannan keken ba a yi masa mariƙi a baya, don mai shi ba ya jiran a tura shi. Amma yau ya zo ne a liƙa masa mariƙin.

"Yallabai, a nan zan sa?" in ji mai walda.

"Ɗaga sama kaɗan, kada uwargida ta riƙa sunkuyo."

Mai keken ya ɗaga hannu zai nuna wurin, hannun ya tsaya a rabin hanya. Ya cije leɓe.

"Jijiyar kafaɗa ce ta yage," ya ce, ba wanda ya tambaye shi. "Na ɗaga mazaunin keken don in kusanci kwando. Koci ya yi ta cewa in sauke, miƙa hannu wurin tura taya zai cinye kafaɗar. Na yi kunnen uwar shegu. Ku in kafaɗa ta tafi, hannu kuka rasa. Mu har da ƙafa."

Ina jin ba ciwon ne ya fi cin ransa ba.

Mai walda ya ce kowa ya kau da ido, zai kunna wuta. Shi mai keken tuni ya kau da nasa.