Gadin Jirgi a Kwanar Hanyar Karshi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana, Malam Sale, wanda abokan aikinsa na reluwe suke kira Sale Gadi. Lokacin ina da shekara goma sha uku, yanzu ina da goma sha bakwai, kuma har yau ba a gama shari'arsa a gidanmu na Jikwoyi ba. Mama, wadda ita ce 'yarsa, ta ce ganganci ne ya kashe shi. Ni kuwa ina tsakiya da alkawari biyu a wuyana. Ɗaya na yi wa Kaka yana da rai, ɗaya na yi wa Mama ranar da aka kai shi makwanci, kuma babu yadda za a yi mutum ɗaya ya cika su duka.

Bari in fara da aikinsa, saboda 'yan ajinmu sun ɗauka gadi shi ne mai buɗe get. A tsohon jirgin ƙasa, gadi shi ne mutumin da ke zaune a tarago na ƙarshe. Idan jirgi ya lalace a daji, tsakanin tasha da tasha, hankalin kowa gaba yake tafiya. Direba yana duba inji, fasinjoji suna zagin direba. Gadi kaɗai ne yake juya wa jirgin baya. Zai ɗauki jar tuta da wasu 'yan gwangwanaye masu albarushi a ciki, waɗanda suke kira datoneta, ya bi dogo da ƙafa yana komawa inda suka fito. Kowane gwangwani bai wuce na man takalmi ba, yana da 'yan kunnuwa na dalma da ake lanƙwasawa su kama ƙarfen dogo. Ya ɗora ɗaya, ya ƙara tafiya mai nisa ya jera uku, sannan ya tsaya a gefe da tutarsa. Idan wani jirgin ya biyo baya, da ƙafarsa ta taka gwangwanin sai ya fashe da ƙara. Ba ya fasa dogo, ba ya yi wa jirgi lahani. Aikinsa kawai ya shiga kunnen direba, ko yana gyangyaɗi ko ruwan sama ya rufe masa ido, ya sanar da shi cewa akwai mutane tsaye a gabansa.

Wannan bayanin na ji shi sau dubu tara da wani abu. Awakin maƙwabtanmu ma za su iya cin jarrabawa a kansa. Bayan ya yi ritaya Kaka ya kama ɗaki a bayan gidanmu, don ya ce shi ba zai kwana a gidan suruki ba, amma bai ga laifin cin abinci a gidan suruki sau uku a rana ba. Da ya ƙoshi sai ya shimfiɗa taɓaren Mama guda biyu a tsakar gida su zama dogo, ya jera gwangwanayen man takalmi, ni in zama jirgi. Idan na taka na wuce ban tsaya ba, sai ya ce na kashe fasinja ɗari, a ɗaure ni.

Da a tsakar gida abin ya tsaya, da da sauƙi. Kaka ya ɗauki Abuja gaba ɗaya a matsayin layin dogo. Idan murfin kwata ya karye a layinmu, ba zai tsallake ya tafi masallaci kamar kowa ba, sai ya koma baya ya tsaya yana kaɗa jan hankici har ya rasa jam'i. Wata rana a tashar Jabi ya ga tayar wata bas ta suɗe, ya bi layin fasinjoji tun daga ƙarshe yana gaya musu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kamasho suka taso mana. Ranar na gane ashe tsoho ma yana da giya ta biyar in gudu ya kama.

Sau ɗaya tak ya taɓa yi mini faɗa na gaske. Lokacin Kirsimeti ne, yaran unguwa suna ta fasa banga, abin wasan nan mai fashewa da ƙara. Na sami guda biyu, na cusa a gwangwanin man takalmi, na ajiye a bayan bencin masu shayi da rana tsaka, wai ina gwada aikin Kaka. Ƙarar da ta tashi, ni kaina sai da na nemi gafarar Allah. Mai shayi ya bar tukunyarsa, wani mai faci ya shige kwata, wata mata ta ɗauki ɗan maƙwabciya ta bar nata. Na dawo gida ina dariya har da hawaye, na tarar da Kaka bai ko murmusa ba.

"Uwargida," haka yake kirana, irin wasan kaka da jika, "zo nan. Wa kika ceta?"

"Ba kowa, Kaka. Wasa ne."

"To kin yi sata. Kin saci tsoron mutane kin kashe a banza. Gobe in ta gaske ta tashi, mai shayi zai ce 'yar gidan Sale ce."

Na ce, "Ai kai ma Sale ne, tare za a zage mu."

Nan ma bai yi dariya ba. Ya sa na zauna, ya ce in yi masa alkawari: duk ranar da Allah ya tsallakar da ni wani haɗari a hanya, kada in wuce ina hamdala ni kaɗai, in koma baya in tare na bayana. Na yi alkawarin da sauri, don na ga Mama ta nufo mu da muciya.

Yana da aboki guda, Baba Bitrus, tsohon direban jirgi da yake noman doya a Sheda. Duk wata yakan zo, su zauna suna musu a kan wanda ya fi wani amfani. Baba Bitrus ne ya ba ni labarin ranar da yake tuƙi cikin ruwan sama mai ƙarfi, ba ya ganin ko hancin jirginsa, sai ya ji ƙara a ƙarƙashinsa sau uku a jere. Ya danne birki. Da jirgin ya tsaya, ga Kaka a gefen dogo, jiƙe sharkaf, tutar ta manne a sanda, can gaba kuma ga jirgin fasinja a tsaye. "Yarinya," in ji shi da irin tasa Hausar, "wannan ƙara, in ka ji ta, ka san wani ya yi tafiya da ƙafa saboda kai. Oga Sale ba ta da hankali, amma tana da ƙafa." Kaka ya ce ai direba ne ba shi da hankali, shi ya sa aka ƙirƙiro masa abin da zai fashe a kunnensa.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, da damina, bayan azahar. Ni da shi muna dawowa daga kasuwa a Karshi cikin bas, ana yayyafi. Muna shan wata kwana sai ga tifa ta mutu a tsakiyar hannunmu, direbanmu ya kauce da ƙyar. Masu tifar sun zuba ganye a kan kwalta kamar yadda aka saba, amma a gindin motar, taku biyar bai cika ba. Kaka ya ce ganye a gindin mota ado ne, wanda ya gan shi ya riga ya ga motar. Ya buga jikin bas ya ce akwai sauka. Fasinjoji suka yi ta mita. Ya ajiye ni a rumfar wani mai sayar da siminti, ya ce kada in motsa, ya zaro jan hankicinsa ya koma baya yana ƙirga taku. Daga inda nake ina hango shi. Ya wuce kwanar, ya tsaya a gefen kwalta ya miƙe kamar soja, ya ɗaga hankicin.

Mota uku suka rage gudu, na gani da idona. Wani direba har ya ɗaga masa hannu. Ta huɗun ta zo a guje. Direbanta ya ce daga baya, yana kuka, shi ya ɗauka masu tare hanya ne, shi ya sa ya ƙara wuta, da ya hango tifar kuma sai ya murɗe sitiyari. Motar ta zame ta bar kwalta, ta bi ta daidai inda Kaka yake tsaye. Kafin magariba ya cika a asibiti.

Wajen zaman makoki Baba Bitrus ya faɗi abin da har yau nake juyawa. Ya ce kuskuren abokinsa ɗaya ne: ya tsaya inda gadi yake tsayawa. A gefen dogo, taku biyu daga ƙarfe, babu abin da zai same ka, domin jirgi ba ya barin layinsa, kuma direban jirgi an rantsar da shi a kan ja. Shekara talatin da wani abu jikin Kaka ya saba da haka. Ya manta mota ba ta da layi, kuma babu wanda ya rantsar da direbanta a kan komai.

A ranar ce Mama ta kama kunnena, idonta ya kumbura, ta ce in rantse ba zan taɓa sauka a kan titi saboda kowa ba, ko da ita ce a baya. Na rantse. Ba a musu da mace a ranar da ta binne ubanta.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Kaka zai ce da ya ga yau. Ina jin da farko zai yi murna, don kowa yana da waya, gargaɗi yana iya isa Kano kafin mutum ya ɗaura takalmi. Amma da ya leƙa wayar Mama zai ga gargaɗi arba'in kafin karin kumallo: kada a bi nan, kada a sha wancan, kada a amsa sallamar mai jar hula. Kowa ya zama ni da gwangwanin banga, an fasa tsoron mutane har ya ƙare. Na gaskiyar idan ya zo, a cikin tarkacen yake nutsewa. Idan kuma mota ta faɗi, za ka ga mutum ashirin sun kewaye ta suna ɗaukar hoto, duk fuskarsu na kallon abin da ya riga ya faru. Ban taɓa ganin wanda ya juya masa baya ya tafi tarar masu tahowa ba.

Ban san ko jiragen yanzu suna ɗaukar irin gwangwanayen nan ba, na tambaya ban sami mai amsa ba. Abin da na sani shi ne, a garin nan idan abu ya fashe, babu wanda zai yi tunanin wani ne ya yi tattaki saboda shi. Kowa ƙasa zai kwanta. Kuma da a ce yau wani tsoho zai durƙusa a kan dogo yana manna gwangwani mai albarushi, kafin ya buɗe baki ya yi bayani an gama da shi. Ƙarar da Baba Bitrus ya ji a matsayin alheri, mu da tsoronta aka raine mu. Wannan ba laifin kowa ba ne a layinmu, kuma ban ga ranar gyaruwarsa ba.

Mako uku da suka wuce ina cikin bas zan tafi darasin shirin jarrabawa a Nyanya, da safe, an kwana ana ruwa. A wata kwanar, ba waccan ba, muka tarar da motar bulo ta mutu a hannunmu, ga ganyenta a gindi kamar an yi mata kwalliyar biki. Direbanmu ya kauce har muka ji tayar ta hau ƙasa. Aka yi salati, aka zagi mai motar da kakanninsa, mutum biyu suka zaro waya. Ni kuwa jan hijabi ne a jikina, har ƙasa, wanda za a hango daga Nasarawa. Ban san lokacin da hannuna ya bugi jikin bas ɗin ba.

Kwandasta ya juyo ya ce, "Hajiya ƙarama, sauka ne?"

Duk motar ta zuba mini ido. Na ce, "A'a, sauro na kashe."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na waiwaya ta gilashin baya har hanya ta lanƙwashe, ban ga komai ba, ban ji komai ba. Da yamma da muke dawowa an janye motar bulon. Akwai fasassun gilasai a kan kwalta, amma a hanyar nan ko'ina akwai fasassun gilasai, wataƙila na bara ne. Ban tambayi kowa ba. Da na gaya wa Mama, sai ta ce Allah ya yi mini albarka, ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba, alhali ba ta ɗora komai a wuta ba.

Idan aka ce in auna abin da ya rage na Kaka, ba shi da yawa. Akwai Baba Bitrus, wanda har yanzu yake aiko mana da doya, da jikokinsa da suka cika gida. Akwai mutanen cikin motoci ukun nan, waɗanda ba su san sunansa ba, wataƙila ma sun manta da tsohon da ya kaɗa musu hankici. Sai kuma ni, wadda ya ɓata shekaru yana koya wa aikin.

Allah ya haskaka kabarinka, Kaka, ya sa ka iske hanya a buɗe. Uwargidanka ta san nisan da ya kamata a taka, ta kuma san inda bai kamata a tsaya ba, wanda kai ba ka sani ba. Duk da haka ba ta sauka ba. Ka yafe mata, don in gobe aka sake, ina jin ba za ta sauka ba.